Labarin Waɗanda Suka Leƙa Lahira

Idan mutum ya sha doguwar jinya har aka fid da rai da shi, sannan Allah ya tashi kafaɗunsa, Bahaushe kan ce wane ya leƙa lahira ya dawo. Galibinmu mun ɗauki wannan magana azanci ne kawai, irin wanda ake yi wa mai jinya don a ga murmushinsa. To amma fa akwai mutanen da in an faɗa musu haka ba sa dariya. Sai ka ga sun gyara zama, sun ce ai kuwa sun leƙa ɗin, har su shiga ba da labarin abin da suka gano. Wani ya ce ya ga gangar jikinsa a kwance ana kuka a kanta, shi kuwa yana can sama wajen rufin ɗaki yana kallon kowa. Wani ya ce ya bi wani dogon lungu mai duhu wanda haske ke ƙarshensa. Wata kuma ta ce mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa ce ta tare ta a hanya, ta ce mata ta koma, da sauran shan ruwanta a duniya.

Abin da muke son mu tattauna a wannan fitowa shi ne, shin waɗannan labarai sun isa su zama hujjar cewa akwai wata rayuwa bayan mutuwa? Kada mai karatu ya yi mana gurguwar fahimta. Mu dai mun yi imani da lahira, kamar yadda kusan duk mai riƙe da wannan mujalla, Musulmi ne ko Kirista, ya yi imani da ita. Maganarmu a kan shaida ce, watau ko ya dace a jingina wannan imani a jikin labarin wanda ya suma ya farfaɗo. Dalilin kawo zancen cikin mujallar marubuta kuwa a fili yake. Babu masu sana'ar da suka kai mu kashe mutane a kan takarda. Da wuya ka karanta littafin hikaya daga bango zuwa bango ba ka tarar da wani a kan gadon ajali ba, saboda haka wajibinmu ne mu san abin da ke faruwa a kan wannan gado kafin mu ɗora alƙalami a kansa.

Labaran nan iri biyu ne. Akwai na waɗanda suka suma suka dawo, kamar waɗanda muka ambata a sama. Akwai kuma na waɗanda ke cikin ciwon ajali, waɗanda suke faɗin abin da suke gani tun suna da sauran numfashi, daga nan su wuce. Irin na biyun nan mun gan shi da idonmu a jinyar gwaggonmu, yayar mahaifinmu, wadda ta haura shekara tamanin. Saura kwana uku ta cika, wata rana bayan la'asar, sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗaki ta ce, "Ku shimfiɗa wa Inna tabarma mana, kun bar ta a tsaye." Innar nan da take kira, mahaifiyarta ce, wadda ta fi shekara arba'in a kushewa. 'Yarta ta tsorata ta ce, "Iya, ai babu kowa a nan, ki yi salati." Wata tsohuwa maƙwabciya da ke zaune a gefe ta ce, "Ke yarinya, yi abin da ta ce." Aka ɗauko tabarma aka shimfiɗa. Gwaggo ta ɗan jima tana magana ƙasa-ƙasa tana fuskantar tabarmar, sannan barci ya ɗauke ta, irin barcin da ta yi kwanaki ba ta samu ba.

Bayan an yi sadakar uku sai gida ya rabu biyu. Wasu suka ce ai magana ta ƙare, an zo tafiya da ita ne, ga shaidar lahira ƙuru-ƙuru. Wani ɗan'uwanmu ma'aikacin asibiti ya ce ƙodarta ce ta gaza, kuma idan datti ya taru a cikin jini haka tsofaffi kan yi gane-gane. Dukansu abu guda suka gani a ɗaki guda, kowa kuma ya fassara shi da abin da ya shigo da shi a zuciyarsa. Wannan gardama ta cikin gidanmu ita ce dai gardamar da masana suka daɗe suna yi.

Al'amarin ba yau aka fara shi ba. Malamin nan na Bagadaza, Ibn Abid Dunya, wanda ya rasu a shekarar 281 bayan Hijira, ya tara wani ɗan littafi sukutum mai suna Man Asha Ba'adal Mauti, watau waɗanda suka rayu bayan mutuwa, inda ya kawo ruwayoyin mutanen da aka lulluɓe a kan sun cika, sai suka motsa ko suka yi magana. Imam Suyuɗi, wanda littattafansa suka cika zaurukan malamanmu, ya ɗebo irin waɗannan ruwayoyi a cikin Sharhus Suduri. Tun kafin su ma, masanin falsafar Girka, Aflaton, ya rufe littafinsa na tsarin mulki da labarin wani soja mai suna Er, wanda aka kashe a fagen fama, ya farka a rana ta 12 ana shirin ƙona gawarsa, ya ba da labarin hisabin da ya gano.

A ƙasashen Turai kuwa, wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Albert Heim ya taɓa faɗowa daga kan dutse ya tsira. Sai ya shiga bin mahaya duwatsun da suka yi irin wannan faɗuwa yana tambayarsu, ya buga abin da ya tara a shekarar 1892. Mafi yawansu suka ce ba su ji tsoro ko zafi ba, tunaninsu ya yi sauri ainun, wasu kuma suka ce rayuwarsu kaf ta gilma a gabansu. A shekarar 1926 aka fito da littafin Sir William Barrett, wani shehun malamin kimiyya a Dublin, a kan gane-ganen masu ciwon ajali. Matarsa likitar haihuwa ce a Landan, ita ta ba shi labarin wata mai jego da ke gargara a shekarar 1924, wadda ta ce tana ganin mahaifinta marigayi, tare da shi kuma ga 'yar'uwarta. Ashe 'yar'uwar ta rasu mako uku kafin nan, an ɓoye wa mai jegon saboda halin da take ciki. Irin wannan labari shi ne mafi ƙarfi a hannun masu cewa akwai hujja, domin mai gani ya ga abin da ba a gaya masa ba. Rauninsa kuwa shi ne, gidan da aka yi rasuwa ba ya iya ɓoye ta a fuska, ko da baki ya yi shiru.

Wanda ya yayata zancen a duniya shi ne Raymond Moody, Ba'amurke, da littafinsa Life After Life na shekarar 1975, wanda ya gina a kan labaran mutane kimanin 150. Ya lura da cewa abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa a bakunansu: natsuwa, fita daga jiki, lungu mai duhu, haske, gamuwa da mamata, bitar rayuwa, da wata iyaka da in an tsallake ta babu dawowa. Akwai dalilin da ya sa irin waɗannan mutane suka yawaita a zamaninsa. A shekarar 1960 ne likitocin jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo suka bayyana dabarar danna ƙirji don tayar da zuciyar da ta tsaya. Mutumin da a da za a rufe masa ido a kira masu wanka, yanzu ana iya dawo da shi ya yi magana. Sai dai Moody ya tara labaransa ne daga waɗanda suka kawo kansu, wasu bayan shekaru da faruwar abin, kuma kowane marubuci ya san yadda labari ke ƙara ƙiba a duk lokacin da aka sake faɗinsa.

Don toshe wannan kafa, wani likitan zuciya a ƙasar Holan, Pim van Lommel, shi da abokan aikinsa suka bi duk wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da shi a asibitoci 10, suna tambayarsa cikin 'yan kwanaki kaɗan. A sakamakon da suka buga a mujallar Lancet a shekarar 2001, cikin mutum 344, mutum 62 ne, watau kashi 18 cikin 100, suka ce sun ga wani abu. Sauran ba su tuna komai ba. Ba a sami wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba ta fuskar tsawon lokacin da zuciya ta yi a tsaye ko magungunan da aka ba su. Da aka sake komawa gare su bayan shekara 2, aka kuma koma bayan shekara 8, sai aka tarar waɗanda suka yi ganin sun rage tsoron mutuwa ƙwarai. Wannan bincike ya tabbatar da cewa mutanen ba ƙarya suke shirgawa ba, akwai abin da ya same su har ya sauya musu zama. Amma bai nuna inda abin ya faru ba, a cikin kai ne ko a wajensa.

Wanda ya yi ƙoƙarin warware wannan ƙulli shi ne Dokta Sam Parnia. Dabararsa mai sauƙi ce. Tunda wasu na cewa sun tashi sama suna kallon jikinsu, sai aka kakkafa kantoci kusa da rufin ɗakunan asibiti, aka ɗora hotuna a kansu suna fuskantar sama, yadda wanda ke ƙasa ba zai gan su ba. An yi aikin a asibitoci 15 a Ingila da Amurka da Ostiriya, aka buga sakamakon a shekarar 2014. Cikin mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya, 330 suka rayu, aka yi hira da 140. Mutum biyu kacal suka ce sun ga abin da ke gudana a ɗakin. Ɗaya jikinsa ya yi tsanani ba a iya ci gaba da shi ba. Ɗayan, ɗan shekara 57 a garin Southampton, ya siffanta wani ma'aikaci da muryar na'urar da aka yi amfani da ita, aka duba aka ga daidai ne. Sai dai kash, ɗakin da abin ya same shi babu kanta a ciki. Aka sake gwaji na biyu wanda aka buga a shekarar 2023, da majinyata 567. Mutum 53 suka rayu, aka yi hira da 28, 11 suka ce suna tuna wani abu, amma babu ko ɗaya da ya faɗi hoton da aka nuna. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. A nan dai har yanzu ji muke yi.

Masu cewa abin aikin ƙwaƙwalwa ne su ma ba da hannu biyu suka zo ba. A shekarar 2002, a birnin Janeba, likita Olaf Blanke yana binciken wata mai ciwon farfaɗiya, ya taɓa wani gurbi a gefen dama na ƙwaƙwalwarta da ɗan lantarki kaɗan, nan take ta ce tana ganin kanta kwance a gado daga sama. Da ya ɗauke lantarkin sai abin ya wuce. Matuƙan jiragen yaƙin Amurka da ake sakawa a cikin injin majaujawa don horo, idan jini ya janye daga kansu, ganinsu kan tsuke ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, wasu su suma su yi gajeren mafarki mai daɗi. Allurar barcin nan ketamin takan sa mutum ya ji ya rabu da jikinsa. A shekarar 1990 masu bincike a jami'ar Bajiniya suka duba takardun asibitin mutum 58 masu irin wannan labari, suka tarar 30 daga cikinsu ba su ma kusanci mutuwa ba, zato kawai suka yi, ko da yake waɗanda suka kusance ta da gaske sun fi yawan ambaton haske. Daɗin daɗawa, a jami'ar Mishigan, Jimo Borjigin ta gano a shekarar 2013 cewa ƙwaƙwalwar ɓera takan yi wani yunƙuri mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya, kuma a shekarar 2023 ta ga irin wannan yunƙuri a majinyata 2 cikin 4 da aka cire wa na'urar numfashi.

Akwai kuma wani abin lura da ya fi shafar mu marubuta, watau yadda kowace al'umma ke ganin abin da ta tashi da shi. Karlis Osis da Erlendur Haraldsson sun tambayi likitoci da ma'aikatan jinya fiye da 1,000 a Amurka da Indiya, suka buga littafinsu a shekarar 1977. Majinyatan Amurka galibi 'yan'uwansu mamata suke gani. Na Indiya kuwa sun fi ganin halittun addininsu, har da 'yan aiken Yama, wanda mabiya Hindu suka ɗauka shi ne sarkin mutuwa, da yawansu kuma ba sa son bin 'yan aiken. A shekarar 1986, Satwant Pasricha da Ian Stevenson suka kawo labarai 16 daga Indiya, inda sau da yawa 'yan aike ke kai mutum gaban wani mai riƙe da littafi, a duba a ga an yi kuskuren suna, a ce a mayar da shi. In da waɗannan mutane duka wuri ɗaya suka je suka gano, ai da labarinsu bai bi iyakokin ƙasashe da addinai haka ba.

Duk da haka, adalci ne mu faɗi cewa bayanin likitoci bai rufe ƙofa ba. Nuna gurbin da ke motsi a ƙwaƙwalwa lokacin da mutum ke ganin abu bai isa ya nuna cewa abin babu shi ba. Ai ko yanzu da mai karatu ke duban wannan shafi akwai gurbin da ke motsi a kansa, shafin kuwa yana nan a hannunsa. Abin da binciken ya nuna shi ne, ƙwaƙwalwa tana da ikon haifar da waɗannan gane-gane ita kaɗai. Da zarar an tabbatar da haka, labarin ya tashi daga matsayin hujja, ko da kuwa wani daga cikinsu gaskiya ne, domin babu ma'aunin da za a rarrabe na gaskiyar da shi.

A ganinmu ma akwai abin da ya fi duk waɗannan alƙaluma sauƙin fahimta. Duk wanda ya dawo ya ba da labari, to bai mutu ba. Tsayawar zuciya na 'yan mintoci ba ita ce mutuwar da ake yi wa wanka da sutura ba. Baƙon da ya tsaya a zaure ya juya zai iya gaya maka sanyin zauren, da ƙamshin girkin da ya jiyo, har da muryoyin da ya ji daga ciki, amma ba za a kira shi shaida a kan abin da ke cikin turaka ba. Addininmu ma haka ya nuna. A Suratul Mu'uminun, aya ta 99 da ta 100, an ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi duniya, aka ƙi, aka kuma ambaci barzahu a matsayin shamaki har ranar tashi. A Suratuz Zumar, aya ta 42, an haɗa barci da mutuwa, aka bambanta ran da ake riƙewa da wanda ake saki zuwa wani lokaci ƙayyadadde. Ba banza ba Bahaushe ya ce barci ƙanin mutuwa. Waɗanda Alƙur'ani ya ce an raya su bayan mutuwa, kamar a hannun Annabi Isa (AS), mu'ujiza ce da wahayi ya tabbatar, ba abin da ake tarar da shi a ɗakin tiyata ba. Wanda ya suma ya farfaɗo ya fi kusa da mai barci, labarinsa kuma hukuncin mafarki ne ya fi dacewa da shi: a saurara, a yi masa fatan alheri, kada a gina aƙida a kansa.

Wani zai ce, to mene ne laifi in labarin yana sa mutane tsoron Allah? Laifin shi ne, ginin da aka ɗora a kan yashi da yashin yake tafiya. A shekarar 2010 aka buga littafin wani yaro Ba'amurke, Alex Malarkey, wanda ya yi haɗarin mota yana ɗan shekara 6, aka ce ya je aljanna ya dawo. Jama'a suka yi ta saye. A shekarar 2015 yaron ya fito ya ce bai mutu ba, bai je ko'ina ba, ya ƙirƙira ne don a kula da shi, kamfanin ɗab'in ya janye littafin daga kasuwa. Ina makomar wanda ya rataya imaninsa a wannan ƙusa? Mu ma nan muna da tamu. Wa ya manta da takardar nan ta wasiyyar Shehu Ahmadu, wai mai hidimar kabarin Manzon Allah (SAW) a Madina, wadda aka daɗe ana rabawa a ƙofar masallatai da tashoshin mota, ana tsoratar da wanda ya ƙi kwafarta? Malamai irin su Shaihu Abdul'aziz bin Baz sun bayyana cewa ƙarya ce tsagwaronta. A ɗaya gefen kuma, masanin falsafar nan na Ingila, A. J. Ayer, wanda ya shahara da musun samuwar Allah, ya shaƙe da yankan kifi a asibiti a shekarar 1988, zuciyarsa ta tsaya na minti 4, ya ce ya ga wani jan haske mai tsananin ƙarfi. Ya farfaɗo ya rubuta labarin a jarida, ya kuma ce yana nan a kan ra'ayinsa game da Allah. Ashe ganin bai isa ya shiryar da mai ganin kansa ba, balle mai jin labari.

Haɗari na biyu ya fi kusa da gida, ya kuma fi ciwo. Idan muka yarda cewa abin da mutum ya furta ko ya gani a ƙarshensa taga ce da muke hango makomarsa, to mun ba kanmu kujerar alƙalanci a kan mamata. Sau nawa muka ji ana raɗa a gidan makoki, wai wane ya mutu yana ihu, wai wance an laƙƙana mata kalmar shahada ta kasa amsawa? Ciwon ƙoda, da na hanta, da zazzaɓi mai zafi, da shanyewar ɓarin jiki, duk suna iya gusar da hankali ko su ɗaure harshe. Mutumin kirki yana iya yin sambatu, mugu kuma yana iya cikawa cikin barci salin-alin. Malamanmu sun karantar da mu cewa ba a rubuta laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe. Amma 'ya'yan mamacin, waɗanda suka ji raɗar nan, da ita za su kwana har tsawon rayuwarsu. Muna roƙon kyakkyawan ƙarshe kullum, wannan daidai ne. Sanin wanda ya same shi kuwa na Allah ne.

To shin sai mu watsar da labaran? Ko kusa. Amfaninsu yana wajen mai jinya da masu jinyarsa. Dokta Christopher Kerr, likita a wani gidan kula da masu ciwon ajali a garin Bafalo na Amurka, ya riƙa tambayar majinyatansa kullum abin da suke gani. A rahotonsa na shekarar 2014, cikin mutum 59, kashi 88 cikin 100 sun yi mafarki ko gani aƙalla sau ɗaya, kusan dukansu suka ce abin kamar a farke yake. Yayin da ajali ke matsowa, ganin mamata yana ƙaruwa, kuma shi ne ya fi kwantar musu da hankali. Tsohuwar nan da ta ce a shimfiɗa tabarma ba ta karanta wannan rahoto ba, amma ta san abin da ke cikinsa. Ba sai ka warware asalin abin da majinyaci ke gani ba kafin ka daina ƙaryata shi. In abin ya sanyaya masa rai, a bar shi da shi. In ya firgita shi, a riƙe hannunsa, a yi masa addu'a, a kuma kira likita, domin wani firgicin magani ne da shi.

Yanzu sai mu juyo kanmu, 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Mutuwa a littattafanmu kusan ƙira ɗaya ce. Alhaji ya kwanta, ya tara iyali, ya yi wasiyya shafi biyu babu tuntuɓen harshe, ya tona asirin da labarin ke jira, ya yi kalmar shahada, kai ya langaɓe. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san da wuya a ga haka. Akwai dogon shiru, akwai numfashin da ke yankewa ya dawo, akwai kiran sunan wanda ya daɗe a ƙasa, akwai neman takalmi wai za a tafi gida alhali a gida ake. Wanda ya rubuta wannan yadda yake zai taɓa zuciyar mai karatu fiye da mai wasiyyar shafi biyu. Shawararmu ita ce, kowa ya nemi ɗan littafin ajiya. Tsofaffin matan da suka yi jinyar mutane da yawa, da masu wankan gawa, da nas-nas ɗin da ke kwana a asibiti, suna ɗauke da labaran da ke bin su kabari in ba a rubuta ba. A nemi izininsu, a sakaya sunayen mamata. A tambaya: wa ya ji da kunnensa, wa aka gaya wa? Yaushe aka fara ba da labarin, a ranar ko bayan shekara goma? Wane ciwo ne, wane magani aka sha? Sannan a rubuta da kalmomin mai labarin, kada a ƙara gishiri. In ƙagaggen labari kake rubutawa, ka ƙaga yadda kake so, mai karatu ya san hikaya ce. Amma ranar da ka buga abu ka ce da gaske ya faru, ka sa wa wani bawan Allah maganar lahira a baki don littafi ya shiga kasuwa ko wa'azi ya yi armashi, ka sani ka yi shaidar zur a kan abin da ba ka gani ba.

Iyakar abin da muke cewa ke nan. Waɗanda suka leƙa sun ba mu labarin bakin ƙofa, labarin kuwa yana da daraja, domin ta wannan ƙofa kowannenmu zai bi, mutuwa rigar kowa ce. Abin da ke bayan ƙofar, wanda ya yi imani ya karɓo shi ne daga saƙon Annabawa, tun kafin a ƙera na'urar farko, kuma ba ya jiran sakamakon wani gwaji. Muna maraba da ra'ayoyin 'yan'uwa a fitowa ta gaba, musamman malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikin ƙungiyarmu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, amin.